Darasi na Tara: Halittu Huɗu Ƙanana da Hikimarsu

Abin karantawa: Misalai, watau Karin Magana, 30:24-28. Mai koyarwa ya karanta aya ta 1 zuwa ta 9 tun a gida.

Aya ta haddacewa: 2 Korintiyawa 12:9.

Manufa: Mu ga yadda Allah ya shirya wa kowace halitta marar ƙarfi hanyar tsira, mu kuma daina mai da rashinmu hujjar naɗe hannu.

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai maganganun da a kan ji a ƙananan ikilisiyoyinmu sa'ad da aka zauna shawara a kan wani aiki. Wani dattijo ya kan ce, "Mu kaɗan ne." Wani ya ce, "Ba mu da kuɗi." Wani kuma ya ce, "Ba mu da babba a birni wanda zai tsaya mana." Duka gaskiya ne. Amma sau da yawa da an faɗi haka sai a tashi taron. Rufin ɗakin sujada ya ci gaba da yoyo, gwauruwa ta kwana da yunwa, ƙauyen da ke bayan tudu kuma ya ƙara shekara guda ba wanda ya kai masa bishara.

Sura ta 30 ta Misalai maganar Agur ɗan Yake ce. Ya soma da ƙasƙantar da kansa, yana shaida cewa saninsa kaɗan ne, sa'an nan ya roƙi Allah ya tsare shi daga talauci da wadata duka biyu, ya ba shi abin da zai ishe shi kawai. Mai irin wannan zuciya shi ne ya kan sunkuya ya dubi abin da ke rarrafe a ƙasa. Ya kawo mana halittu huɗu, ga kuma abin lura: kowace ɗaya sai ya fara faɗin abin da ta rasa, kana ya faɗi abin da ta ke yi. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

1. Tururuwa: ta san lokaci (aya 25)

Abin da tururuwa ta rasa shi ne ƙarfi. Yaro ma ya kan murƙushe ta da yatsa. Abin da ta ke da shi kuwa shi ne sanin lokaci.

A ƙasar Kan'ana ruwa ya kan sauka a watannin sanyi, girbin sha'ir da alkama kuwa ya kan kama daga Afrilu zuwa Yuni. A lokacin nan ne tururuwa ta kan shimfiɗa hanyarta daga rami zuwa gona da masussuka. Wadda ta sami hatsi ta kan bar wani ƙanshi a ƙasa yayin da ta ke komawa gida, sauran su bi sawun, har hanyar ta fito fili sarai. A cikin ramin akwai ɗakuna inda a ke jibge tsaba, ƙaiƙayi kuwa a fitar da shi a zubar a bakin ƙofa. Idan ruwa ya shiga tsabar ta jiƙe, su kan ɗauko ta su shanya a rana, su mayar.

Akwai zamanin da waɗansu masana na Turai suka ce Littafi ya yi kuskure a nan, gama tururuwan ƙasashensu masu sanyi ba su tara hatsi. Amma wani Bature na Ingila, Moggridge, ya zauna a garin Menton a kudancin Faransa, ya haƙa ramukan tururuwan wurin, ya tarad da rumbunansu, ya buga abin da ya gani a 1873. Yahudawa ba su taɓa shakka ba. A littafin dokokin malamansu da a ke kira Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200, har akwai hukunci a kan hatsin da aka samu a ramin tururuwa cikin gona, ko na mai gona ne ko na matalauta masu kala. Mu ma ba mu bukatar a gaya mana. Da yunwa ta sauka a ƙasar Nijar a 2005, an ga mata suna tonon gidajen tururuwa domin su sami abin da za su dafa wa yaransu.

Bari mu yi wa kanmu gaskiya. Mutum nawa ne a cikinmu ya kan sayar da dawarsa da araha da kaka saboda biki ko sabon kaya, sa'an nan ya saye ta da tsada a tsakiyar damina, wani lokaci ma da bashi mai ruwa? Haka kuma ga al'amarin ruhu. Wanda bai ajiye Maganar Allah a zuciyarsa ba a kwanakin lafiya, me zai ci ran da ciwo ya kwantar da shi, ko ran da tsanani ya hana shi zuwa sujada?

Wani zai ce, "Ai Ubangiji ya nuna mana tsuntsaye waɗanda ba su da rumbu a Matta 6:26, ya kuma kira mai manyan rumbuna wawa a Luka 12." Gaskiya ne. Abin da Ubangiji ya hana shi ne alhini, abin da ya la'anta a wurin mai arzikin nan kuwa shi ne ya tara domin kansa kaɗai, ya manta da Allah. Tururuwa ba ta da rumbun kanta ita kaɗai. Abin da ta kawo na gidan ne duka.

2. Rema: ya san mafakarsa (aya 26)

Waɗanda suka tashi kusa da duwatsu, kamar na ƙasar Filato, sun san rema, wanda waɗansu ke ce da shi agwada. Nauyinsa bai cika wuce kilo huɗu ba. Ƙafafunsa gajeru ne, ba shi da ƙaho, ba shi da kaifin farce irin na damisa, ba ya kuma haƙa rami kamar gafiya. Ko ɗumin jikinsa ma ba ya iya riƙewa sosai kamar sauran dabbobi masu shayarwa. Shi ya sa da safe za ka gan su sun fito sun baje bisa fā suna shan hantsi, da dare kuwa su cunkushe wuri ɗaya cikin kogo domin su ɗumama juna. Maƙiyansa kuma da yawa: gaggafa daga sama, damisa da mesa daga ƙasa.

To, ƙaƙa irin wannan dabba ta wanzu tun zamanin Musa har yau? Mahalicci ya yi shi domin dutse. Tafin ƙafarsa taushi gare shi kamar roba, kullum da danshi, tsakiyarsa kuma ta kan lotsa ciki ta kama dutse, har ya hau gangaren da kare ba ya iya bi. A idonsa akwai wani ɗan marfi mai yi wa ƙwayar idon inuwa, domin ya iya duban wajen rana, inda gaggafa ta kan ɓullo. Sa'ad da garke ya fita kiwo, ba ya yin nisa da bakin kogo, su kan ci da hanzari su koma. Wani daga cikinsu ya kan tsaya bisa kan dutse yana tsaro. Da ya yi kuka ɗaya, kafin ƙiftawar ido ba ka ganin ko guda.

Masana sun bincika jikinsa, suka ce a cikin dabbobin da ke raye danginsa na kusa su ne giwa da ayu, irin wanda ke cikin kogin Binuwai. Amma rema bai taɓa fita fili ya yi taƙama da dangantakarsa da giwa ba. Da ya yi haka, da gaggafa ta yi kalaci da shi.

Zabura 104:18 ta ambaci remaye tare da awakin jeji. Har wa yau ana ganin su biyun a En-gedi, kusa da Tekun Gishiri, wurin da Dauda ya ɓuya wa Saul cikin kogo (1 Sama'ila 24). Ba abin mamaki ba ne da Dauda ya riƙa kiran Ubangiji dutsensa da mafakarsa, kamar a Zabura 18:2 da 61:2. Ya san abin da a ke nufi da a fi ka ƙarfi, a bi sawunka, dutse ya rufa maka asiri. Manzo Bulus kuma ya faɗa mana sunan Dutsen a 1 Korintiyawa 10:4.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, rema bai gina dutsen ba, shiga kawai ya yi. Haka cetonmu ya ke: ba aikin hannunmu ba ne, Kristi ya gama shi a kan gicciye. Na biyu, a cikin dutsen ya ke da zama. Ba ya jiran ranar farmaki kafin ya soma neman ƙofa, gama ya san kowace tsaga tun yana ƙarami. Akwai masu bi da ba su tuna da addu'a sai yaro ya kwanta rai a hannun Allah, sa'an nan, da ya ke ba su saba da hanyar ba, sai tsoro ya kai su gidan boka su karɓo laya. Ɗan'uwa, nisan da ke tsakaninka da Dutsen yau shi ne nisan da za ka yi gudu ran da gaggafa ta sauko. Dattawan ikilisiya kuma su tuna, su ne masu tsaron nan na bisa dutse. A karanta Ezekiyel 33:6.

3. Fara: ta san amfanin taro (aya 27)

Abin da fara ta rasa shi ne sarki. Duk da haka ta kan fita jere a jere kamar rundunar yaƙi.

Farar hamada guda ɗaya ba kome ba ce. Nauyinta wajen giram biyu ne, kaza ma ta kan tsince ta. A shekarun da ba ta da yawa, kowace ta kan zauna ita kaɗai, tana gudun 'yar'uwarta, ɗanta kuma kore ne kamar ciyawar da ya ke ɓuya a ciki. Amma idan ruwa ya sauka a hamada suka hayayyafa, sa'an nan ciyawa ta soma bushewa, sai yunwa ta tara su wuri ɗaya. Da ƙafafunsu na baya suka riƙa gogar juna, cikin 'yan sa'o'i kaɗan halinsu ya kan sāke, su soma neman juna. Daga baya launin ma ya sāke, ɗango ya zama baƙi da rawaya. Bambancin ya yi yawa har dā masana suna tsammani iri biyu ne dabam, sai a 1921 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa halitta ɗaya ce mai kama biyu.

Sa'ad da suka taru, ba mai tsayawa a gabansu. A fili mai faɗin kilomita ɗaya ta kowane gefe a kan sami fara miliyan 40 zuwa 80, kowace tana cin abin da ya kai nauyinta a yini, suna iya tafiyar kilomita 150 a rana ɗaya. A 1915 sun sauka a Urushalima da kewayenta suka cinye ganye ƙaf. Wata irin fara ta taso daga fadamun kogin Kwara a ƙasar da a ke kira Mali yanzu a 1928, ta game yawancin Afirka, har da ƙasarmu, ba ta lafa ba sai 1941. A 1988 kuwa farar hamada ta tashi daga Afirka ta Yamma ta ƙetare tekun Atlantika, tafiyar wajen kilomita 5,000. Wanda ya san haka ba zai ce annabi Yowel ya yi ƙari ba a sura ta 2 ta littafinsa.

Agur bai yabi ɓarnar fara ba. Abin da ya nuna mana shi ne yadda abin da kaza ke tsincewa ya kan girgiza mulki idan ya haɗa kai. Gidaje ashirin matalauta, in kowane ya kawo mudu biyu da kaka, ga rumbun gwauraye da marayu ya samu. In kowane ya ba da yini ɗaya, ga gonar mai bishara an nome.

Amma akwai gargaɗi a nan. A 2008 masana suka nuna ɗaya daga cikin abubuwan da ke tura ɗango gaba: wanda ya tsaya, na bayansa su kan cije shi, har su cinye shi. Watau tsoron juna yana cikin abin da ke riƙe da jerin nan. Akwai ikilisiyoyin da haka zamansu ya ke, kowa yana zuwa aikin gayya domin gudun bakin mutane, ana tafiya tare ana cizon juna ta baya. Bulus ya faɗi ƙarshen wannan a Galatiyawa 5:15. Fara ba ta da sarki, mu kuwa muna da shi, ya kuma faɗa mana alamar da za a san mu da ita a Yohanna 13:35. In marasa sarki sun iya tafiya a jere, ina hujjarmu ta rarrabuwa saboda kabila, ko dangi, ko wanda za a ba ajiyar kuɗin baiko?

4. Tsaka: ta san riƙo (aya 28)

Kalmar Ibrananci da ke cikin wannan aya a nan kaɗai ta fito cikin Littafi duka. Waɗansu sun juya ta gizo-gizo, waɗansu ƙadangare, masana da yawa kuwa suna ganin tsaka ce. Abin da ta rasa shi ne kāriya, gama da hannu a kan kama ta. Mutane suna ƙinta, suna cewa tana da dafi, alhali ba ta da shi, sauro da ƙwari ma ta ke rage mana.

A ƙarƙashin yatsunta akwai gashi dubu ɗaruruwa, siraran da ido ba ya gani, da su ta ke manne wa bango ba tare da danƙo ba, har ta bi rufin ɗaki a kife. In maƙiyi ya kama wutsiyarta, sai ta tsinke ta bar masa ita tana motsi, ta tsira da ranta, wata kuma ta tsiro. A gwada wannan da Matta 5:29-30. Da wannan riƙo ta kan kai har ɗakin sarki, inda attajiri ma sai ya jira iso. Haka yarinyar nan baiwa ta kai sunan Allah na Isra'ila gidan Na'aman (2 Sarakuna 5), haka kuma bishara ta shiga gidan Kaisar tun Bulus yana ɗaure (Filibiyawa 4:22). Mai aikin gida, da masinja, da mai gadi, kada ku rena wurin da Allah ya sa ku.

Abin da ya rage gare mu

Allah bai ƙara wa tururuwa ƙarfi ba, bai ba rema ƙaho ba, bai naɗa wa fara sarki ba, bai sa wa tsaka sulke ba. Ya bar kowace da rashinta, ya ba ta hanya a cikinsa. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, amsar da aka ba shi ita ce ayarmu ta haddacewa. A duba kuma 1 Korintiyawa 1:26-29, a ga irin mutanen da Allah ya zaɓa tun farko.

Bambanci ɗaya ke tsakaninmu da halittun nan. Su ba su san gardama ba, abin da aka sa a jikinsu shi su ke bi. Shamuwa ta kan iso garuruwanmu gab da damina, ta yi sheƙa a itacen tsakar gari, ta tashi in ruwa ya ɗauke, ba wanda ya aika mata. Da irin wannan Ubangiji ya kunyata mutanensa a Irmiya 8:7, gama tsuntsu ya san lokacinsa, su kuwa ba su kula da shari'arsa ba. Mu an ba mu hankali da Magana da Ruhu Mai Tsarki, an kuma bar mu mu zaɓa. In akwai wani a cikin taron nan wanda har yanzu yana waje da Dutsen, yana dogara ga ƙarfinsa ko kirkinsa, kada ya fita sai ya yi magana da mai koyarwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Faɗi abin da kowace halitta cikin huɗun nan ta rasa, da abin da ta ke yi.
2. Ina bambanci tsakanin tanadin tururuwa da na mai arzikin nan na Luka 12:16-21?
3. Waɗanne mafaka na ƙarya ne mutanen garinmu su kan guda zuwa gare su a ranar wahala?
4. Mene ne ke riƙe da ikilisiyarmu tare, ƙauna ko tsoron baki? Ta ƙaƙa za mu sani?
5. Wane aiki ne muka daɗe muna cewa ya fi ƙarfinmu? Me gida ɗaya zai iya kawowa dominsa?

Aikin mako

Kowa ya ɗauki yaransa su je su zauna kusa da hanyar tururuwa, su duba da kyau, sa'an nan ya karanta musu Misalai 6:6-8. Dattawa kuma su zo mako mai zuwa da sunan aiki ɗaya wanda za mu soma kafin kaka ta wuce.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin manya da ƙanana, mun shaida a gabanka mu marasa ƙarfi ne. Ka gafarta mana inda muka ɓuya a bayan rashinmu muka ƙi aikinka. Ka koya mana sanin lokaci, ka zaunar da mu cikin Kristi Dutsenmu, ka ɗaure mu tare da ƙauna, ka ba mu riƙo har mu ga fuskar Sarki. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.